Nomau, Malamin da Ba Wanda Ya Ɗauka Aiki

Nomau ɗan Hamdara ne, kuma ba da son ransa ya shiga lekol, makarantar boko, ba. Shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya ce kowane gari ya kawo yaro, mai gari ya duba gidajen da masu su ba sa nan, ya tarar mahaifin Nomau ya tafi cin kasuwar Mirya. Kafin ya dawo, gardi, dogarin kumandan, ya kai ɗansa Damagaram. Shekara shida Nomau ya yi can, ya fito a 1955 da satifika da wandon kaki guda. Aiki bai samu ba. Sai ya tafi wurin goggonsa Kulu, a wani ƙauye bakin tafkin Gidimuni, da niyyar yin mako biyu.

Ba a daɗe da buɗe lekol a ƙauyen ba. Rumfar zana ce da baƙin allo. Malamin mutumin Dahome ne, dogo, mai haƙuri, kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci, don ba mai iya faɗin sunansa. Mushe ba ya jin Hausa, yaran ba sa jin Faransanci. Wata biyu ke nan yana magana suna kallon bakinsa, in ya yi shiru su tafi gida.

Wata safiya Nomau ya zo wucewa da jakin goggonsa, ya ji Mushe yana ta nanata wa wata yarinya ta rufe littafi. Ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa. Nomau ya leƙa ta ɓular zana ya gaya mata abin da ake nufi, ta rufe. Mushe ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa alli. Jakin ya koma gida shi kaɗai.

Tun daga ranar, Mushe ya faɗa, Nomau ya juya da Hausa. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, don haka ba mai ikon korarsa. Da mako biyu ya zama wata uku, Goggo Kulu ta tambaye shi wane irin aiki ne wannan da ba a ba mutum ko goro.

"Taimako ne, Goggo," in ji shi.

"To, ga tuwo. Shi ma taimako ne."

A takardar Mushe sunan yara talatin da ɗaya ne, amma tara ke zuwa. Sauran suna bakin tafki, inda iyayensu ke noman rake da albasa da rogo, kuma da rani sai an ɗebo ruwa da ƙwarya an bi kwami-kwami ana zubawa. Nomau ya fara da Ɗan Azumi, wani dattijo mai babban lambu da ya riƙe 'ya'yansa biyu. Ya yi masa dogon bayani a kan amfanin karatu. Ɗan Azumi ya saurara har ƙarshe.

"Ni ba ni da faɗa da lekol, ɗana," ya ce. "Amma albasa ba ta san da Bature ba. Wa zai ba ta ruwa?"

"Ni, Baba."

Nomau ya ɗauka irin maganar nan ce da ake yi don a rabu lafiya. Washegari bayan sallar asuba ya tarar da Ɗan Azumi a ƙofar gida riƙe da ƙwarya.

Yaran biyu suka zo lekol. Labari ya bazu, kuma iyayen da tun farko suka ba da 'ya'yansu kyauta suka ga an cuce su, suka janye nasu har sai an zo an yi magana. Aji ya koma mutum shida. Kafin sanyi ya fita, Nomau yana ba lambu bakwai ruwa kowace safiya, sannan ya shiga aji da laka a ƙafa. Ya rame, hannunsa ya yi kanta. Ran nan barci ya kwashe shi a tsaye, Mushe ya ƙare darasin lissafi duka ba wanda ya san abin da ya ce.

Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya je wurin Ari, sarkin samarin ƙauyen, ya roƙi a yi masa gayya. Ari ya ce samari za su raba lambunan, amma da sharaɗi biyu: Nomau ya riƙa rubuta musu wasiƙa zuwa ga 'yan'uwansu da ke cirani a Kano, kuma ba za su ɗebi ruwa ba sai ana kaɗa musu ganga. Aka shirya. Shekara ba ta zagayo ba sai da rumfar ta cika, har aka ƙara zana.

A 1958 Baturen da ke duba makarantu ya zo daga Damagaram. Yara suka ƙirga har ɗari, suka karanta, ya ji daɗi. Ya nuna Nomau ya tambaya ko wane ne. Mushe, da yake mai gaskiya ne, ya ce ba ya cikin takarda. Bature ya rubuta cewa malami ɗaya ya riƙe makarantar da kyau ƙwarai. Nomau ne ya riƙe masa tawada yana rubutawa.

'Yancin kai ya zo da damina, lekol tana hutu, kowa yana gona. Mai gari ya tara mutane da la'asar ya sa Nomau ya yi bayani. Ya ce musu Bature zai tafi, ƙasa ta koma hannun 'ya'yanta. Ɗan Azumi ya tambaya ko lekol ma za ta bi Baturen. Nomau ya ce a'a, yanzu ma ta zama tasu.

"Ashe ban ruwa yana nan," in ji Ɗan Azumi.

Bayan kaka aka ɗauke Mushe zuwa wani gari. Da zai hau kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙe hannun Nomau ya yi masa ban kwana da Hausa, kalma huɗu, uku daidai. Wanda ya maye gurbinsa Mushe Mustafa ne, haifaffen Birnin Damagaram, Hausa a bakinsa kamar kowa. Ya gode wa Nomau da ladabi, ya ce ba sai ya wahala ba. Nomau ya ajiye alli ya fito. Abin ya tsaya masa a rai, amma bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da fita lambu da asuba tare da samarin, don yaran suna aji, kuma alkawari bai ce sai yana ciki ba.

Samarin Ari ne suka fara cewa sun gaji da wani yana sanin sirrin wasiƙunsu. Nomau ya soma koya musu baƙaƙen boko bayan la'asar, da Hausa, suna rubutawa da kara a yashi. Daga baya magidanta suka shigo. Ɗan Azumi ya yanka masa gefen lambu ya ce ya noma wa kansa, dattijon kuma ya riƙa zama can bayan masu karatu yana cewa kallo ya zo. Rani uku ya yi yana kallo. A na huɗu ya rubuta sunansa da gawayi a jikin rumbunsa, baƙi ɗaya a juye. Nomau ya nuna masa. Ɗan Azumi ya ce a bar shi haka, rumbun nasa ne.