Agogon da Auke Ya Sa Aka Cire

Ranar Talatar da Wiebe bai zo benci ba, Auke Terpstra ya yi awa ɗaya da rabi yana zuba bai lura ba. Wannan awa ɗaya da rabi ita ce har yau take cin ransa, kuma sai wanda ya san Auke zai gane dalili.

Bencin da nake nufi shi ne na bakin tashar jiragen ruwa, wanda duk garin nan namu na yankin Frisland ke kira bencin maƙaryata. Daga goma na safe zuwa sha biyu na tsofaffi ne, ko ana ruwa ko ana iska, tunda akwai rumfa. Sunan ba zagi ba ne, kakanninmu masunta ma a nan suke ƙara wa kifinsu tsawo. Da kifi ya ja baya sai hira ta koma kan labaran duniya: motar da ba ta shan mai, rokar da aka harba sama, da wanda aka kora daga gasar waƙa ta talabijin. Kowa da wurin zamansa, kuma dokar wurin biyu ce. Ba a ce wa mutum ƙarya yake yi, ba a kuma fito da waya a duba maganarsa. Ta farkon gado ce. Ta biyun Auke ne ya kafa ta shekarar da ya bar aiki, wai wanda ya duba waya ya kashe hira. Tasa wayar ma a gida yake barinta, cikin aljihun tebur.

Shekara talatin da huɗu Auke ya yi yana tsaron gadar garin, wadda ake ɗagawa jirgi ya wuce. A 'yar bukkarsa ta gilashi yake wuni. Ya san kowane jirgi da ƙarar injinsa, ya san direban da ya sha ya yi tatil tun daga yadda yake tunkaro gada, sau biyu kuma ya tsamo mutum daga ruwa da sandar ƙugiya. Sai wata shekara aka zo aka kafa kyamarori, aka ce daga wani ofis mai nisan kilomita talatin za a riƙa ɗaga gadar. Aka yi masa walima da kek da kofi, aka miƙa masa furanni, aka kulle bukkar. Bai taɓa cewa abin ya yi masa ciwo ba, mutanenmu ba sa faɗin irin wannan. Sai dai daga ranar duk wani abu mai batir ya zama abokin gabarsa.

Ga shi kuma da baki. Auke ba ya karanta labari, kanun kawai yake gani, a tsaye a shagon burodi yayin da ake naɗe masa nasa. Sauran shi yake cikawa a kan keke kafin ya iso benci. Douwe, tsohon mahaucin garin, shi ne mai tsokano shi.

"An ce an gano ruwa a wata duniyar, Auke."

"Ruwa! Mu nan shekara dubu muna kwashe shi daga gonakinmu, su kuma sun tafi sama nema. Su zo da bokiti mana, kyauta ne."

"To yarinyar nan da ta ci gasar waƙa fa?"

"Na'ura ce ta gyara mata muryar. A ba ni na'urar nan ka ga, in rera ɗaya sai matarka ta yi hawaye."

"Ai tana yi tun yanzu in ta jiyo ka."

Ina ƙaunar Auke, amma gaskiya rabin abin da yake faɗa shi kansa bai yarda da shi ba. Kowa a bencin ya san da haka, ban da Wiebe.

Wiebe tsohon manomi ne. Ya yi shekara arba'in yana tatsar shanu a ƙauye, da matarsa ta rasu ya sayar da gonar ya dawo gari. Bai tashi da bencin ba. A inda ya fito, in namiji ya buɗe baki ya ce abu, to haka abin yake. Wurinsa can ƙarshen hagu, hula a kan gwiwa, ba ya sa baki sai dariya, wata irin dariya mai zurfi da take zuwa a makare bayan ta kowa ta wuce. Auke yana ji da shi ƙwarai, don ba kullum mai surutu ke samun mai saurare irin wannan ba.

Da sanyi ya fara ja baya, sai ga Wiebe da wani baƙin agogo a hannu. 'Yarsa Nynke, ma'aikaciyar jinya ce a birnin Groningen, ita ta saya masa bayan jiri ya ɗebe shi sau biyu. In ya faɗi bai tashi ba, agogon da kansa zai kira ta. Rannan ana tsakiyar hira agogon ya yi tsuwwa, yana tuna masa lokacin magani.

"Me ke kuka a jikinka, tsoho?" in ji Auke. "Tsuntsu ka haɗiye?"

Wiebe ya yi bayani yana kallon takalminsa.

"Kai! Sun rataya maka ƙararrawa kamar saniya!" Benci ya kwashe da dariya, Auke kuwa in ya ji dariya ba ya iya taka birki. "Na karanta fa. Cikin kira goma da abin nan ke yi, tara na banza ne. Ka sunkuya ɗaure takalmi, sai ga motar asibiti a ƙofarka tana jiniya, duk unguwa na leƙe. Ga shi kowane bugun zuciyarka wurin wasu yake tafiya, har lokacin da kake shiga bayi sun sani."

Bai karanta ba. Wani kan labari ya hanga game da irin waɗannan agoguna, tara cikin goman kuwa a nan take ya haifo ta, don ta fi daɗin faɗa.

"To in na faɗi fa?" Wiebe ya tambaya a hankali.

Auke ya bugi ƙirji. "Ni ne agogonka. Shekara talatin da huɗu, ko agwagwa ba ta ratsa gadata ban gan ta ba. Goma ta buga ban ga hularka ba, goma da minti biyar ina ƙofarka. Idon ɗan Adam, Wiebe. Babu batirin da ya kama ƙafarsa."

Washegari Wiebe ya zo hannu babu agogo. Auke ya gani. Ya yi niyyar jan sa gefe ya ce masa hirar benci ce kawai, ya mayar da abinsa. Sai Douwe ya kawo zancen motar da ke tuƙa kanta, maganar ta bi ruwa. Haka aka yi mako shida, kullum yana ganin hannun, kullum yana cewa gobe.

Talatar da abin ya faru, labari ya yi zafi. An ce za a yi fim da fuskar wani ɗan wasa da ya daɗe da mutuwa, kwamfuta za ta tashe shi ya yi magana. Auke bai ko zauna ba. Ga wasu Jamusawa biyu masu yawon buɗe ido sun tsaya suna kallo, shi kuwa yana ta kwaikwayon yadda mamaci zai zo karɓar lambar yabo, ƙafa a sandare, hannu a miƙe. Douwe har da share hawaye. Da ya jefa raha ta ƙarshe, wadda ya fi ji da ita, aka yi dariya aka gama, sai ya tsaya yana jiran wadda take zuwa a makare. Ba ta zo ba.

Ya waiga hagu. Babu kowa a ƙarshen benci, sai ganye guda da iska ta ajiye. Ya ɗaga kai ya dubi agogon coci, sha ɗaya da rabi.

"Wa ya ga Wiebe yau?"

Aka dubi juna.

"Douwe, fito da wayarka."

"Doka fa, shugaba?"

"Fito da ita, na ce!"

Douwe ya ga fuskarsa, ya daina wasa. Ya kira wayar gidan Wiebe, ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya sake kira, haka.

"Kira motar asibiti," in ji Auke, ya riga ya kama keke.

"In kuma yana bayi ne? Kai da bakinka ka ce duk unguwa za ta..."

"Ta leƙa ɗin! Kira!"

Shekararsa saba'in da huɗu, amma ya taka keken nan kamar ana bin sa. Gidan Wiebe yana tsallaken ruwa. Yana karyo kwana ya ji ƙararrawar da ya fi sani a duniya, sandar tare hanya tana sauka, gadarsa tana ɗagawa. Jiragen shaƙatawa uku ne a jere, kowanne yana tafe kamar ba ya so. Ya san lissafin da ka, minti tara ke nan in ba a samu mai wauta a cikinsu ba. Ya sauka daga keke yana haki. Bukkarsa na nan a kulle, gilashin duk ƙura, a samanta kuma kyamara tana kallonsa. Shekara tara bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba, in zai wuce kai yake sunkuyarwa. Yau ya tsaya a gabanta ya cire hula yana kaɗawa da hannu biyu, yana nuna tsallake, yana ihu.

Wata murya ta fito daga ƙaramin akwatin da ke jikin sanda, muryar mace. "Baba, lafiya?"

"Abokina! Ina jin ya faɗi a gida. Don Allah, 'yata, sauke ta."

Fitilar jirage ta koma ja, jirgi na biyu ya ja da baya mai shi yana ɗaga hannu cikin fushi, gada ta fara saukowa. Auke bai jira sanda ta gama ɗagawa ba, ya sunkuya ya wuce.

Tun daga bakin layi ya hango labulen falon Wiebe a rufe. A garin nan, labule a rufe da tsakar rana ba ya bukatar bayani, ba lafiya ba ke nan. Ya zagaya ta ƙofar baya, wadda babu mai kullewa, ya tura yana kira.

A ƙasan kicin ya same shi, kwance a gefe ɗaya, ƙafar dama a juye yadda ƙafa ba ta juyawa. Kofi ya zube ya bushe a kan tayil. A bakin taga, sama da kansa da kamu uku, ga baƙin agogo a jone da wuta, batir cike. Ashe Lahadi kawai yake ɗaurawa, in Nynke za ta zo.

Auke ya durƙusa ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓa masa. Jikin ya yi sanyi ƙalau, leɓe a bushe, amma ido a buɗe.

"Tun yaushe?"

"Bakwai," in ji Wiebe, da ƙyar ake ji. "Ban tsorata ba. Na ji coci ta buga goma, na ce yanzu Auke zai shigo." Ya haɗiyi yawu. "Sai na ji ta buga sha ɗaya."

Auke ya riƙe hannun da babu agogon, har jiniya ta iso, unguwa kuma ta fito tana leƙe.

Wiebe ya rayu, amma bai dawo garin ba. Ƙugu ya karye, sanyin ƙasa kuma ya shiga ƙirjinsa, ya yi wata guda a asibiti. Daga nan Nynke ta samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Da ta tsare shi da tambayar me ya sa ya cire agogon, cewa ya yi madaurin ne ke sa shi ƙaiƙayi. Ta zo har gida ta gode wa Auke, tana cewa, "Kawu Auke, ba don kai ba da yanzu wani zancen ake." Godiyar nan ta fi masa mari zafi.

Sai da ya yi mako uku yana juya abin kafin ya hau jirgin ƙasa zuwa Groningen. Ya tarar da Wiebe a keken guragu a bakin taga, ya rame, hula a kan gwiwa, agogo a hannu. Suka taɓa zancen Douwe da na ruwan sama. Auke ya yi ta murza hularsa, mutumin da bai taɓa neman kalma ya rasa ba.

"Wiebe, tara cikin goman nan. Ban karanta ko'ina ba. Ni na ƙirƙira, a nan kan benci, don a yi dariya."

Wiebe ya daɗe yana dubansa, babu fushi a fuskar, abin da ya fi damun Auke ke nan.

"Ni shanu na sani, Auke, lissafin jarida bai taɓa shiga kaina ba," ya ce. "Ba don tara cikin goma na cire shi ba. Don ka ce za ka zo ne."