Malam Idi da Abu Salama na Tekun Jidda

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar maigidana, Malam Idi. Duk shekara idan watan ya kewayo, 'ya'ya da jikoki sukan taru a gidana na unguwar Hindawiyya a Jidda a yi masa addu'a, a ci shinkafa da kifi. Bana da aka watse sai na ji ina so in ba masu karatu labarin abin da ya fi ƙauna bayan iyalinsa, wato wata dabbar teku da mutanen Jidda ke kira Abu Salama.

A zamanin da muka yi aure, manyan jiragen ruwa ba sa iya matsowa gaɓa saboda duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa. Can nesa suke tsayawa, sai ƙananan jiragen katako da ake kira sambuk su je su kwaso alhazai da kaya. Aikin Malam ke nan. Ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar teku. Ina yarinya muka ƙetaro daga Sawakin ta ƙasar Sudan, igiyar ruwa ta yi ta jifa da mu har manya suna ta kalmar shahada. Tun daga ranar ko bakin ruwa ba na son zuwa.

Shi ko kullum da labarin da zai dawo da shi. Yau Abu Salama sun raka su har gindin jirgin alhazai, gobe ya ga uwa tana tura ɗanta sama da baki. Yakan ce ba kifi ba ne, iska suke shaƙa kamar mu, nono suke ba 'ya'yansu. Ni dai sai in ce to, in ci gaba da tsintar shinkafata.

Wata Juma'a da la'asar ya aro kwalekwale, ya ce lallai sai mun je na gani da idona. 'Yarmu Safiya, lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, ta sa kuka sai an tafi da ita. Na bi su ne kawai don kada ya kai ta ruwa ni ina gida. Muka shiga ruwa ta arewa da unguwar Bagdadiyya, ya yi ta tuƙi har gidajen Balad, tsohon garin Jidda, suka koma ƙanana a bayanmu.

Can sai wani abu mai tsini kamar fiffike ya tsaga ruwa kusa da mu. Wani ya biyo shi, wani kuma ta ɗaya gefen. Abin da ya zo mini a rai shi ne girshi, kifin nan mai cin mutane. Na miƙe tsaye ina salati, kwalekwalen ya karkata, Safiya da ke leƙe a gefe ta sulale ta faɗa ruwa.

Ban ga lokacin da Malam ya bi ta ba, tsallensa kawai na ji. Na tsaya ni kaɗai ina kallon fikafikan nan suna kewaye wurin da mijina da 'yata suka nutse. Sai ga kansa ya ɓullo, ya ɗago ta da hannu ɗaya ya miƙo mini. Ta yi tari, ta amayar da ruwa, ta tsala kuka. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamar kukan nan ba.

"Halas, ya isa haka, Malam, mai da mu gida," na ce.

Ya hau yana haki, ya ce, "Zan mai da ku, Hauwa. Amma ki yi shiru tukuna, ki saurara."

Na saurara. Sai na ji fuu a dama, fuu a hagu, kamar mutum ya fito daga nutso.

"Girshi ba ya numfashi," in ji shi. "Dubi wutsiyar kuma, a kwance take. Ta girshi a tsaye take. Abu Salama ne waɗannan."

Na duba. Ga wata babba da ɗan ƙaraminta manne a gefenta, suna tasowa tare, suna nutsewa tare. Na rungume tawa 'yar a cikin mayafina, na yi ta kuka ina dariya. Daga ranar ni ce mai tambayarsa idan ya dawo: yau sun zo? Su nawa? Shi ya koya mini lokutan da suka fi kusantar gaɓa, da yadda tsuntsaye ke taruwa a saman inda suke farautar ƙananan kifaye.

Abu ɗaya ne ya rasu da burinsa. Sau ɗaya tak, can cikin teku, ya ga babban kifin nan irin wanda ake cewa ya haɗiye Annabi Yunusa, tsawonsa ya kai na sambuk, yana fesa ruwa ta ka. Ya so ya sake gani, Allah bai nufa ba. Yanzu jikata Amina takan nuna mini shi a waya. Da Malam na nan, na san sai ya karɓi wayar ya hana kowa barci da tambaya.

Amma nakan yi tunanin me zai ce da gaɓar yau. An cike wurin da muka shiga ruwa da ƙasa, an shimfiɗa titi da fitilu, sambuk sun ɓace. Na daɗe da damuwar cewa hayaniya ta kori dabbobinsa. Da na faɗa wa Amina, sai ta ce, "Yalla, Sitti, mu je mu duba." Sitti jikokina ke ce mini, wato kaka da Larabci. Sun fi jin Hausa da mai da ita, amma wannan ta gane ni sarai. Ta ɗauki hayar jirgi mai inji, muka fita da safe har da Safiya, wadda ita ma yanzu furfura ta cika mata kai. Muka yi nisa ba komai, har na fara cewa a juya. Sai ga su nan, garke guda, suna tsere da hancin jirgin. Na sauke ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi.

Malam bai bar gida nasa na kansa ba, ko kwalekwale bai mallaka ba. Abin da ya bari shi ne zuriyar da ba ta gudun ruwa, kuma ba ta wuce halittar Allah ba tare da ta tsaya ta duba ba. A nan kan teku muka ɗaga hannu muka roƙa masa gafara. Mai jirgin, wani ɗan Yaman da bai taɓa jin sunan Malam Idi ba, ya kashe injinsa, ya shafa fatiha tare da mu.