Malam Sumul da Lissafin Turin Mota

Shekara ashirin yana koyar da fiziks a sakandare, kuma duk tambayar da zai rubuta a allo sai ya fara da, "Mu ɗauka hanyar sumul take." Nan ɗalibai suka samo masa suna, Malam Sumul. Hannunsa bai taɓa ɗaga abin da ya fi alli nauyi ba, amma a ganinsa duk mai yin gumi jahili ne.

Motarsa tsohuwa ce, ba ta tashi sai da turi. Kullum da safe mai faci da tela da makwabta biyu ke tura ta, ko sannu ba ya ce musu. A makaranta kuwa shugaba ta gaji da lattinsa. Ta ce ranar Litinin masu duba malamai za su zo, in ya makara ya nemi wani aikin.

Litinin da safe mutanen suka taru bayan mota. Malam ya fito da kwat da takarda, ya dube su a wulaƙance.

"Na lissafa. Nauyinta kilo dubu, gudun da take buƙata mita biyu a daƙiƙa. Rabin nauyi, sau gudu, sau gudu. A ma'aunin fiziks, aikin jul dubu biyu ne kacal, mutum ɗaya ya isa. Ashe ku huɗu jingina kawai kuke yi kuna nishi."

Tela ya karkaɗe hannu. "To Malam, mu ragwaye bari mu koma inuwa."

Suka jeru a benci. Malam ya ɗora matarsa a sitiyari, ya naɗe hannun kwat, ya dafa but ɗin motar. Layin nan yashi ne har idon sawu, ga tudu, ga tayar baya rabin iska. Ya yunƙura, takalminsa ya zame. Ya sake, kwat ta yage a hammata. Mota ko gezau.

Matar ta leƙo ta taga. "Maigida, ka fara ne ko in jira?"

Ƙarfe takwas saura biyar ya juyo wajen benci, gumi na ɗiga a kan takardar. "'Yan uwa, ku ɗan sa hannu mana."

Mai faci ya gyara zama. "Haba Malam! Ka ɗauka hanyar sumul take."

Tara da rabi ya isa makaranta a ƙafa. Maigadi bai buɗe masa ƙofa ba, ta tsakanin ƙarafa ya miƙo masa ambulan.