Gafakar da Mudassir Ya Ɗinka

Mudassir bai taɓa cewa ubansa ya mutu ba. Shiru kawai yake yi in an tambaya, ya sunkuyar da kai, har mai tambayar ya ce Allah ya jiƙan rai. Alhali tsohon, Jaji baduku, yana nan da ransa a Rimaye, yana ɗinkin kube da layu a gindin bishiyar bedi.

A zauren Jaji Mudassir ya tashi cikin warin jima. Kafin ya iya karatu ya iya jiƙa karan dafi da ruwan toka har ja ya fito, ya san adon da ake bugawa a kube da wanda ake yi wa jaka. Da ya gama makaranta ya sami aikin ofis a Kankia, sai ya sayi turare mai ƙarfi, ya daina zuwa gida sai da sallah, shi ma a tsaitsaye.

Sai zamani ya juya. Aikin fata ya shiga waya, 'yan gayu suna yi ana yaba musu. Mudassir ya ga hanya. Ya sayi basilla da zare, ya fara ɗora bidiyo yana koyarwa: a jiƙa fata kafin a buga ado, a zana fasali a kwali tukuna, rini a bi shi sau uku siriri-siriri. Kowane bidiyo da kalma ɗaya yake farawa: sha'awa. Shi sha'awa yake yi, a waya ya koya.

Augustine, abokin aikinsa, ya juya wani walat da Mudassir ya ɗinka a hannu ya ce, "Oga, wannan hannun ba na waya ba ne. Ko dai ka gada?"

"Allah ya sawwaƙe," in ji Mudassir, yana dariyar da ba ta kai ido ba.

Lokacin yana neman Safiyya, malamar Islamiyya a Kusada, 'yar Malam Dawuda. Tana sonsa, wannan ba shakka. Shi kuma yana sonta gwargwadon yadda yake son a ce surukin malamai ne. Ana shirin kai gaisuwa Malam ya kira shi zaure, ya nuna masa Alƙur'ani rubutun hannun mahaifinsa, gafakarsa duk ta zazzage.

"An ce kana taɓa aikin hwata. Ka yi muna sabuwa."

"Allah gafarta Malam, ai ni ɗan koyo ne."

"To ɗan koyo, a gwada."

Mudassir ya san in ya saki hannunsa, duk tsohon da ya ga ɗinkin zai tambayi ɗan gidan wa ne. Don haka ya zauna ya ɓata aikin da gangan, kuma ɓatawar ta fi gyarawa ba shi wuya. Ya karkatar da ɗinki. Ya dagula adon murfi. Ya rina fatar ciki da waje da karan dafi, bai ɗauraye ba, bai goge ta da mai ba. Shafin farar fata da ake sa wa ciki don kada ja ya taɓa takarda, shi ma ya bar shi. Ya san amfaninsa sarai. Ya ce wa ransa ɗan koyo ai ba zai sani ba.

Malam ya karɓa, ya duba karkataccen ɗinkin, ya yi murmushi ya sa albarka.

Damina ta sauka, zauren ƙasa ya ɗauki laima. Wata Juma'a Malam ya zaro littafin, sai ga ja ya ratsa bangon littafin ya sha gefen takardun tun daga Baƙara, tawada ta narke a ciki.

Safiyya ce ta tare Mudassir a ƙofar gida, idonta a bushe.

"Malam Mudassir, kai da kake koya wa duniya a waya, ba ka san ana sa shafi ba?"

Hanya biyu ce a gabansa. Akwai dabarar tsotse ja daga takarda kafin ya zauna, ya ga ana yi a gidansu, kuma Jaji zai zo Kusada a ranar in ɗansa ya kira. Sai dai kiran yana nufin tsohon ya shigo zauren malamai da baƙaƙen faratansa, ya ce ga ɗana.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Ni ba baduku ba ne."

Ta dube shi kamar tana jiran saura. Babu saura. Ta shige ciki.

Malam bai yi faɗa ba. Ya aika da cewa a dakata da maganar gaisuwa, ba a kuma sake tayar da ita ba. A Kusada aka yi ta cewa ga abin da ke faruwa in an ba ɗan boko aikin da ba na gidansu ba. Da maganar ta iso kunnen Mudassir a ofis, ya sa Augustine ya maimaita masa ita, don ya sake jin wajen "ba na gidansu ba".