Igiyar da ta kwance kanta

Ni ne mutumin da ya kori tsoho daga gida da igiyar akuya da ruwa rabin ƙwarya. Na yi wauta iri-iri a duniya, har na taɓa sayen jaki mai ido guda ina yabon kyan kallonshi, amma waccan ita ce uwarsu, kuma na yi ta ban cika shekara goma sha biyu ba. Lakwal, makarantar boko, shekara biyu na yi, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarshi, don haka wanda ya ga zancena ya karkace shi yi haƙuri.

Gidanmu na bakin gulbi ne a Malanbil, inda kake hango Gaya a ƙetare. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sojoji na ta ƙwace kujera a hannun juna can Kutunu. Mu dai sai mu ji bushe-bushe a rediyon mai shago, a ce an sake shugaba, mu koma ga kifinmu.

Kaka Gambi, uwar babana, ita ke da banda. Bayan magariba kifi na shan hayaƙi, dole a zauna a tsare wutar kada ta tashi ta ƙone shi, to a wurin tsaron nan muke samun tatsuniya. Babana kan kishingiɗa gefe shina sakace. Kusa da ɗumin wuta kuma Tsoho Bawa, ƙanen kakana Garba. Kakan nan nawa ban san shi ba, an dai ce ruwa ya ci shi, kuma a gidan masunta wannan ba labari ba ne. Bawa ya reni babana tun shina goye, akushi guda suke ci. Masunci ne, amma ban taɓa ganin ya taka jirgi ba, sai ɗinkin koma, ragar kamun kifi. Shina da tabo zagaye da idon sawunshi na hagu kamar munduwa. Ni kuwa jika ne, tsokanar kaka halal ce gare ni, na kuma ci halal ɗin nan har na yi gyatsa.

Akwai tatsuniya guda da Kaka ke yi duk shekara in ruwa ya fara janyewa.

"Ga ta nan tafe cikin jirgi," in ji ta.

"Ta iso gaɓa mu ji ta!"

Wa da ƙane ne, Babba da Ƙarami. Sunka ji labarin wurin da gulbi ke ƙarewa, inda kifi ya fi mutane yawa. Sunka loda jirgi da koma, da gari, da tabarmi biyu, da kaskon wuta, sunka bi ruwa. Sunka wuce Ilo, sunka wuce Yawuri. A duwatsun Busa sai da sunka sauke kaya sunka ja jirgin ta gaɓa, ruwa na ruri kamar ana yanka shanu. Sunka ratsa wani tafki da ciyawa ta rufe, yini biyu suna tura gora ba su ga ƙasa ba, sauro ya kumbura masu fuska har wa bai gane ƙane ba. In rana ta yi ja sai su nemi tsibirin rairai su yi zango, su gasa abin da sunka kama. Kuma ba a kwana sai ɗaya ya ɗaura igiyar jirgi a ƙafarshi, yau wannan, gobe wancan, don in dorina ta ture jirgin ko ruwa ya ja shi, ƙafa ta ba da labari.

Kaka kan lissafa zangon nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa sauya jerinsu ba. Ban lura ba. Yaro ne ni, kan tarwaɗa nake jira.

Daga ƙarshe gulbin ya rarrabu kamar yatsu, itatuwa na tsaye cikin ruwa bisa saiwoyinsu kamar masu tattare riga. Ƙarami ya kamfaci ruwa ya kai baki, ya tofar: gishiri. Sunka sami rairai mai faɗi, sunka ja jirgi har kan busasshiyar ƙasa, sunka kwanta. Ashe ruwan can ba irin namu ba ne da ke cika sau guda ya yi watanni. Shi sau biyu yake tasowa a yini. Sunka farka ruwa a bayansu, jirgi na can shina tafiya shi kaɗai. Babba ya faɗa ruwa ya bi shi, don duk abin da sunka mallaka na ciki. Ƙarami ya maƙale a itace har gari ya waye. Shi kaɗai ya komo gida, a ƙasa, bayan wata huɗu.

"To igiyar fa?" in ji ni.

"Igiya ta kwance kanta."

"A ƙafar wa take?"

"Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Angona, tashi ka juya mini kifi."

Ni fa ɗan masunta ne. Na san ɗaurin jirgi, ko raƙumi ya ja ba ya kwancewa. Na ce, "Kaka, ƙarya biyu kin yi. Ruwa ba ya cika sau biyu a yini, igiya kuma ba ta da hannu."

"Tatsuniya ai ƙarya ce, ja'iri. In gizo ya yi magana ba ka kai ƙara wurin jandarma, sai igiya?"

Kowa ya yi dariya. Tsoho Bawa bai yi ba, ya dai sunkuya kan komarshi. Na ɗauka barci ne.

Shekarar da zan yi abin, Kaka ta gama tatsuniyar ke nan, Bawa ya yi gyangyaɗi a tabarma, baki buɗe. Shaiɗan ya raɗa mini, ni kuwa ban taɓa ba shi kunya ba. Na kwanto igiyar akuya na zarga a ƙafarshi, daidai kan tabon, don nan ya fi kyan ɗauri. Na tuttula ruwan ƙwarya ƙarƙashin bayanshi, na fizgi igiyar, na kwarma ihu: "Ruwa ya taso! Jirgi ya tafi!"

Na zaci zai zage ni, shi biyo ni da sanda, a yi dariya. Sai tsohon nan ya zabura da rarrafe shina laluben ƙasa, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin babba ba.

"Yaya Garba! Komo! Bar shi ya tafi! Ni na kwance, ƙafar ce ke mini ciwo, na ga jirgin bisa tudu... Yaya Garba!"

Sai ya ga wuta, ya ga banda, ya gan mu. Ba wanda ya motsa. Kitsen kifi na ɗiga cikin garwashi. Babana ya cire tsinken sakace daga bakinshi, ya dubi tsohon da ya rene shi, ya daɗe shina dubanshi, sannan ya tashi ya shiga ɗaki.

Ba a buge ni ba. Da an buge ni da na fi samun sauƙi.

Babana bai rage wa Bawa gaisuwa ba. Amma washegari da anka kawo tuwo, ya ce shi a zuba mashi nashi daban, wai cikinshi ba daɗi. Jibi ma haka. Bawa kan zauna gaban akushi shi kaɗai, shi ci loma biyu shi rufe. Da kwana goma sunka cika ya naɗe tabarmarshi ya ce za shi Madekali ganin wata ɗiyar ƙanwarshi. Ya shafa kaina a bakin ƙofa, ya ce, "Abokin faɗa, a riƙe mini koma." Kafin ruwa shi sake cika anka aiko ya rasu. Babana ya tafi jana'iza, ya komo ya yi kwana uku ba ya fita su.

Kaka ba ta ƙara yin tatsuniyar nan ba.

Bayan shekaru, zamanin da kowace mararraba ke da shingen soja, na bi motar albasa zuwa Kutunu ina karen mota. Ranar da munka sauke kaya na tafi bakin teku in wanke jiki, na aje takalmina bisa busasshen rairai, nesa da ruwa ƙwarai, na shiga rumfar wata mai abinci. Da na komo, ba takalmi, ba rairan ma. Masu jiragen wurin sunka yi ta dariyar baƙauyen arewa. Ni kuwa na zauna a ƙasa, ƙato da ni, ina kuka, su suna zaton takalmi nake wa.

A nan na gane Bawa ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Ruwa guda ya sani, ya san shi sarai, sanin nan ya cuce shi. Ko ni ne, da ƙafa ta sule da igiya, jirgi kuma na bisa tudu ba lokacin cikar ruwa ba, da na kwance. Na kuma gane abin da tsohuwar nan ke yi duk shekara a bakin banda. Ta san wata rana ɗanta zai tambayi yadda ubanshi ya mutu, sai ta riga shi, ta ba shi labarin duka tun shina ƙarami, ta ɗora laifin kan igiya, don igiya ba ta cin tuwo da kowa. Ni da nake ganin na fi kowa wayo, gaskiya na tono, kuma har yau ban ga wanda ta amfana ba.

Ranar da Bawa ya tafi Madekali, na iske Kaka tana kwashe tokar banda. Na tsuguna ina kame-kame, na ce wallahi ban san shi ba ne, ita ma ai ba ta sani ba.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ranar da ya komo ya faɗa mini, nan inda kake tsugune, ubanka na goye a bayana."

Ta juye tokar cikin kwando, sannan ta dube ni. Ba ta ce angona ba, sunana ta kira.

"To, Idi, ga shi ka san wanda ya kwance. Mi za ka yi da shi?"