Mai Ƙwayar Zuciya a Kasuwar Tamaske

Labarin rasuwar amininsa Inuwa ya iske Kalla a kasuwar Tamaske, yana tsaye gaban mai tallar ƙwayar ƙarfafa zuciya. Mai tallar ƙaton mutum ne, gumi na ɗiga daga gemunsa cikin faranti. Ƙwayoyin na man kifi ne, rana ta narka su sun manne, yana ɓamɓare su da baƙin farce, ya hura leda da baki ya zuba. Shi kansa haki yake, amma ko ɗaya ba ya haɗiya. Wataƙila ya san hajarsa.

Kalla ya ƙura wa ƙwayoyin ido. Irinsu Inuwa ya riƙe, ya ajiye maganin hawan jininsa.

Ran Juma'ar da ta wuce Kalla ya roƙi Inuwa, "Aboki, don Allah koma likita."

Inuwa ya yi dariya. "Zan koma, sarkin tsoro. Bari kwalbar nan ta ƙare."