Malama Yagana da Dokar Juma'a

Malama Yagana 'yar Ƙofar Ruwa ce. Kakanninta daga Barno suka zo, gidansu duk mahaddata ne, ita kuwa ta haɗa da karatun kwamfuta. Ita ce shugabarmu a wani ɗan ofis saman bene a Jakara, inda muke rubuta manhajar da dukawa ke karɓar odar takalma ta waya. Ni, Mikail, mataimakinta ne, kuma ni na ɗora wa kaina aikin kafa dokoki. Ba wanda ya sa ni.

Wadda na fi ji da ita ita ce: ba a taɓa manhaja ranar Juma'a, don kar abu ya ɓaci kowa ya watse. Yagana ta ce dokar ta yi. Kaina ya yi ta kumbura.

Wata Juma'a da safe, ana gab da Sallah, Baffa Ɗalha, ɗaya daga cikin dukawan, ya hawo benen yana haki.

"Malama, duk odar da ta shigo yau lamba ɗaya take nunawa. Ƙafar mutanen Kano ta koma iri ɗaya ne?"

Kuskuren ƙarami ne, nan take muka gano shi. Na miƙe tsaye na ce, "Sai Litinin."

Yagana ta dube ni. "Malam Mikail, in mun jira me zai faru?"

"Doka za ta tsaya da ƙafarta."

"Dukawa fa?"

Na rage murya. "Za su yi ta yanka fata ba daidai ba."

"In mun gyara ya ɓaci kuma?"

"Sai mu mayar da tsohuwar manhajar."

"To mu gwada a wayar Baffa kaɗai, in ya yarda."

Baffa ya miƙo wayar. Aka tura gyaran, lambobi suka dawo daidai, sai hotunan takalman suka ɓace gaba ɗaya. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na gyara tsayuwa, na gyara hula, amma kafin in kai ƙarshen "ai na faɗa", ta riga ta mayar da tsohuwar. Aka sake dubawa, aka sake gwadawa, ya yi. Ta tura wa wasu shaguna kaɗan, ta bi su da waya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta saki wa kowa. Muka samu masallaci.

Ranar Litinin ta ce in sake rubuta dokar: a taɓa ko da Juma'a ce, muddin an gwada a wuri ɗaya kuma akwai hanyar komawa baya. Yanzu ofishin ya ƙaru, kuma ni nake karanta wa sababbin ma'aikata ita, da muryar wanda ya ƙirƙiro ta. Yagana tana ji daga teburinta. Ba ta taɓa tona ni ba.